Kiɗan da Inna Ta Aike Ni Nema a Yauri

Tun da na dawo daga Yauri ba ku bar ni na sha ruwa ba. A majalisa, a makaranta, har a bakin masallaci: "Malam Sa'idu, yaya Yauri? Ka ci kifi? An ce ka shiga jirgin ruwa, ka yi amai?" Malam Tanko ma, da bai taɓa tambayata lafiyar iyali ba, ya tsare ni a hanya yana son ya ji ko da gaske ne an kama ni da bindiga. To, ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in huta. Amma tun yanzu nake gaya muku, mai jiran labarin daɗi ya nemi wani, don ni ban dawo da farin ciki ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, malamin kiɗa ne ni a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Bayolin nake kaɗawa, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. A kwaleji na koye shi, da takarda da ƙirgen bugu, shekara ashirin ke nan. Ranar Asabar kuma nakan yi wa masu biki a wurin dina. Na san sunan da ake kirana da shi a unguwa in na ba da baya, mai gogen Nasara, kuma na san wanda ya raɗa mini shi.

Mahaifiyata, Inna, haifaffiyar wani tsibiri ce a ƙasar Yauri da ake ce wa Gungun Faru. Tana budurwa aka datse kogi a Kainji, ruwa ya hau ya cinye garin, aka kwashe mutanen aka zuba su a tudu. Daga baya marigayi Baba ya aure ta ya kawo ta Kaduna. Yanzu ta haura saba'in. Bara hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta ɗaya ya yi nauyi, magana ta koma sai a hankali, mantuwa kuma ta fara shiga. Wata rana sai ta kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu tun ban san kaina ba. Abu ɗaya ne bai bar ta ba, wani kiɗa da take rerawa a maƙoshi in tana zaune a tabarma, baki a rufe.

Kiɗan ba ɓoyayye ba ne. Taryar Jirgi ake ce masa, duk ɗan Yauri ya san shi. A da shi ake yi a bakin ruwa in masunta sun dawo daga doguwar tafiya. Yanzu yaran zamani suna buga shi da fiyano a wurin biki. Na samo irin nasu a waya, na koye shi a yamma ɗaya, na je na tsaya gaban Inna ina ji da kaina, na zuba mata shi daga farko har ƙarshe. Ta saurara, sannan ta juya fuska bango.

"Wanga ba shi ba na," ta ce, da irin Hausarsu da shekara hamsin a Kaduna ba ta goge ba. "Wanga gudu shikai, kamar an biyo shi."

"To Inna, ina ne na kuskure?"

"Ban iya hwaɗi. Tahi Yawuri ka nemi Ɗan Ango. Shi ka yi muna shi. In yana da rai."

A satin nan likita ya ce mana, ni da ƙanwata Rabi da ke jinyarta, duk abin da za mu yi mata mu yi shi yanzu, tun tana gane mutane. Inna ba ta taɓa aike na ko'ina ba tun da na girma. Na nemi hutun mako guda, na ɗauki akwatin bayolin na nufi tasha.

Hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa, sai muka zaga ta Minna, Tegina, Kontagora. Direba ya so ya ɗaure akwatin a saman mota ƙarƙashin buhun doya, muka yi ta sa-in-sa har fasinjoji suka fara tsaki. Ƙarshe na rungume shi a cinya tun asuba har la'asar, gwiwoyina suka mutu. Wata Hajiya da ke gefena ta yi ta kallon akwatin tana matsawa jikin ƙofa, ban gane dalili ba sai da muka bar Neja muka shiga Kebbi.

A nan muka tarar da shingen 'yan sa-kai, da bindigoginsu na toka da rigunan layu. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya sauka a cinyata, ya ja da baya.

"Kai, mai akwati, sauko."

Na sauko. Suka kewaye ni. Ban ga laifinsu ba, kun san halin da yankin yake ciki, kuma akwati ne dogo baƙi mai makulli biyu, kamar na bindiga. Na buɗe a hankali.

"Mi ne wanga?"

"Goge ne."

"Ƙarya kakai. Goge ƙwarya a. Wanga katako."

Sai babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce in goge ne in kaɗa su ji. Haka na tsaya a gefen titi, da la'asar, tsakanin bindigogi, ina kaɗa Taryar Jirgi. Wanda ya ce ƙarya nake yi shi ya fara gyaɗa kai. Da na gama dattijon ya ce, "Kiɗan namu na. Amma yaro ka matse shi. Ka riƙa bari shina numfashi." Na ce masa na gode, a raina kuwa na ce dubi wannan, mai bindigar toka zai koya mini kiɗa. To Malam Tanko, ka ji labarin bindigarka.

Da muka zo wucewa ta Birnin Yauri hira ta ɗauke a motar. Kowa ya tuna da 'yan makarantar garin da 'yan bindiga suka sace, Hajiyar nan kuwa sai jan carbi take. Daf da magariba muka shiga Yelwa.

Na sauka a gidan Alhaji Ummaru, ɗan wan Inna, dillalin busasshen kifi da albasa. Yaya nake ce masa. Ya tarbe ni hannu bibbiyu, ya sa aka share mini ɗakin zaure, wanda rabinsa buhunan albasa ne. Har yau in na buɗe akwatin bayolin sai na ji warin. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Mu a Kaduna kifi ake sa wa miya don ta yi ɗanɗano, can kuwa sai ka ture kifi kafin ka ga miyar. Da safe kifi, da rana kifi. Su suna ci suna hira, ƙaya na fita ta gefen baki ba tare da sun sa hannu ba. Ni loma ta uku ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro, ina ta kakari, matan gida na dariya a bayan labule, sai da aka ba ni ƙatuwar lomar tuwo na haɗiye da hawaye.

Gaisuwarsu ma daban. Mu mu ce yaya aiki, su su ce yaya ruwa. Ko mai shagon caji ne sai a tambaye shi ruwa, ya kuma amsa da gaske.

Zumuncin bai wuce wanke hannu ba. Da na gaya wa Yaya Ummaru abin da ya kawo ni, sai ya ajiye tsinken sakace.

"Goge? Tun daga Kaduna ka taso saboda goge?"

"Inna ce ta aiko ni, Yaya."

"Gwaggo ba ta da lahiya, kai kuma kana da hankali. Mu mun bar wanga abu tuni. Ka tura shi ƙarƙashin gado, kada maƙwabta su gani. Ɗiyata za ta yi aure a wata mai kamawa, gidan malamai za a kai ta."

Yana cikin wannan wa'azi wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Me kuke tsammani? Taryar Jirgi, da fiyano. Ya kashe ta ko kunya bai ji ba. Da na matsa masa da tambayar Ɗan Ango, sai ya ce ko ya mutu, ko kuma yana wajen Shanga.

Washegari na kama hanyar Shanga, mota rabi, babur rabi. Yini guda ina yawo ina tambaya. Duk wanda na ce wa mai goge nake nema sai ya dube ni sama da ƙasa, wasu su ce Allah shi tsare, kamar na tambaye su gidan giya. Abin haushin, in na rera musu kiɗan sai fuska ta saki, su kama rerawa tare da ni. Suna son kiɗan, ba sa son mai shi. Can da yamma aka nuna mini wani tsoho mai sayar da igiyar shanu, aka ce shi ne yake buga wa Ɗan Ango ƙwarya a da. Ya ce mini, "Ka baro shi baya, ɗana. Bai taɓa zama Shanga ba. Yana wata tunga gaba da Wara, sai ka shiga jirgi. Kowane dillalin kihi na Yelwa ya san wurin, can suka sayen banda."

Kowane dillalin kifi. Na tsaya riƙe da akwati, raina ya ɓaci har na ji ɗaci a baki. Yaya Ummaru ya sani sarai. Ya tura ni arewa alhali mutumin yana kudu, don in gaji in koma gida. Kwana biyu ya cinye mini, zuwa da dawowa, a lokacin da kowace safiya Rabi ke bugo waya tana cewa yau Inna ta gane ta, ko yau ba ta gane ta ba.

Ban kwana gidansa ba da na dawo Yelwa. Na kwana a wani masauki kusa da tasha, da sassafe na shiga motar Wara. Hanyar ba zan ɓata bakina a kanta ba, ku dai tambayi ƙuguna. A bakin ruwa na tarar da jirgi mai inji, an loda masa mata 'yan kasuwa, da buhuna, da awaki, da babura biyu, har gefensa ya kusa shan ruwa. Ni ko a kududdufi ban iya iyo ba. Na tambayi mai jirgin ko kayan ba su yi yawa ba, ya ce, "Malam, in kana tsoro ka zagaya ta ƙasa," mata suka fashe da dariya, don babu wata ƙasa da za a zagaya.

Da muka shiga tsakiya iska ta taso, ruwa ya fara fallatso mana. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe akwatin. Wata tsohuwa ta ce, "Ku dubi Bakadune, ya suturta akwati ya bar kainai." Kuma e, na yi amai, sau biyu, tunda abin da kuke son ji ke nan.

Wani wuri mai jirgin ya rage wuta yana kauce wa kututturan itatuwa da suka leƙo daga ruwa. Na tambaye shi ko ya san Gungun Faru. Ya nuna da haɓa. "Ga ta nan, ƙasa gare mu." Na leƙa. Ruwa ne kawai, da kan wani busasshen ice da tsuntsu a kai. A nan aka haifi uwata, a nan kakannina suke kwance, mu kuma muka bi ta kansu da awaki da babura.

Tungar ba ta fi gida ashirin ba, ko'ina hayaƙin bandar kifi. Na sami Ɗan Ango a gindin wata bishiya yana gyaran taru da lalube. Tsoho ne siriri, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Na durƙusa na gaishe shi, Baba ina wuni, yaya ruwa. Ya amsa, ya ce ɗan wa ne. Dole na faɗi sunan Inna, abin da bakina bai saba ba.

"Ɗan Ta-Sallah ne, Baba, ɗiyar Mamman Mai-taru na Gungun Faru."

Ya ajiye tarun.

"Ta-Sallah na da rai? Allahu Akbar. Ai ita ka ɗaukar muna amshi. In tad ɗaga murya, har ƙetare ana jin ta."

Na zauna daɓas a ƙasa. Shekarata arba'in da uku, ban taɓa jin Inna ta buɗe baki ta yi waƙa ba. Baba mahaifina ba ya so, ya ce matan kirki ba sa yi, ita kuma ta rufe baki tun ranar da aka kawo ta. Ni da na yi kiɗa sana'a, ban taɓa tambayar kaina daga ina na gado shi ba.

Na roƙe shi ya kaɗa mini ko sau ɗaya. Ya ce a'a. 'Ya'yansa sun sa shi ya bari tun shekarun baya, don ana yi musu gori a masallaci, ya kuma yi musu alkawari. Gogen yana rataye a ɗaki, ɓera ya ci izgar. Amma ya ce bai yi alkawarin rufe kunne ba, in miƙo nawa ya taɓa. Ya shafa shi daga wuya har ciki, ya ɗan ja tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗu? To mi kaka yi da ukun?"

Na kaɗa masa Taryar Jirgi yadda na iya, na sa duk gwanintata. Da na gama ya ce, "Hannunka na da daɗi, ba a hana ka. Amma kai ɗai kaka magana tun ɗazu. Kiɗan ga na mutum biyu na."

Sannan ya warware mini abin da Inna ta kasa faɗi. Goge kira yake yi, gajere, sai ya yi shiru. Shirun nan wurin mata ne. Mai ɗaukar amshi ta shigo, sauran su bi ta, sai sun gama goge ya sake kira. Yaran fiyano ba su da matan da za su amsa musu, shi ya sa suka toshe gurbin da kiɗa, ni kuma na kwafa daga wurinsu.

Na zaro takarda da biro, irin na ɗan makaranta. "Baba, shirun bugu nawa ne? Huɗu ko takwas?"

"Mi?"

"Tsawonsa. Don in rubuta."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Ba a ƙirga shi, ɗana. Jira akai. In ta tsaya tari ka jira. In kuka ya kama ta, don wani jirgin kan dawo ba mijinta ciki, ka jira. Ko za ta kai la'asar, wurinta na. Mai goge ba shi shiga sai an ba shi."

Na ce to. Kwana biyu na yi a tungar, ina kwana cikin taruna, sauro na cin rabonsa. Shi yana rerawa da baki, ni ina bi da bayolin, in na yi sauri ya buge mini gwiwa da sandar saƙa. Ya hana ni karkarwar yatsa da muke yi don kiɗa ya yi zaƙi, ya ce in bar wa masu farfaɗiya. Ya sa na sassauta tsirkiya ta yi ƙasa, ya ce muryar tsofaffi ba ta hawa tudu.

Safiya ta biyu na ji abin da kunnena. Matarsa, Iya Kulu, tana bakin banda tana juya kifi, ta ba mu baya. Na ja kiran, na ɗaga hannu. Ba ta ko waiwayo ba, sai kawai na ji ta ɗauka, da wata murya a dishe: "Ga su nan tahe, ga namu nan tahe." Daga bayan danga wata tsohuwar ta amsa mata. Su biyu rak. Tsikar jikina ta tashi, idona ya cika. Amma ku ji halin ɗan boko: ina cikin hawayen ƙafata tana ƙirge. Iya Kulu ta shigo a bugu na biyu, sun gama a na huɗu. Na ɗauki biro na rubuta huɗu a takardata, tsoho ba ya gani balle ya hana ni.

Ba mu kai ga zagaye na uku ba babban ɗansu ya dawo daga ruwa. Matan suka yi tsit, kowacce ta koma kan kifinta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, baƙo kake, ba mu kore ka ba. Amma don Allah mun samu mun rufe wanga babi." Na ce na ji. Da azahar na shiga jirgi. Kafin in shiga, Ɗan Ango ya lalubo hannuna ya danƙa mini wani dunƙulen ƙaro, irin wanda suke goga wa izga, ya ce, "Ka ce wa Ta-Sallah ina gaishe ta. Ka ja mata sannu. Mun tsuhwa."

A Yelwa na biya gidan Yaya Ummaru don kada a ce ban yi sallama ba. Ya sa an ɗaure wa Inna kwalin busasshen kifi. Bai tambaye ni ko na samu ba. Ni ne na kasa haɗiyewa.

"Yaya, ka san ba ya Shanga."

"Na sani."

"Kwana biyu ka ci mini, Inna tana kwance."

"Ni ma ina da ɗiya, Sa'idu," ya ce, ya juya yana ba yaransa umarnin loda albasa. Na ɗauki kifin don na Inna ne, in da nawa ne da na bar masa a ƙofar gida.

Na iso Kaduna bayan la'asar. Rabi ta tare ni a zaure tana murna, ta ce na yi sa'a, yau Inna garau ta tashi, ta gane kowa, har ta tambayi ina nake. Ko takalmi ban tsaya cirewa da kyau ba. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, Ɗan Ango yana gaishe ki."

Fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. "Yana nan? Ja'iri. Ya ba ka?"

"Ya ba ni, Inna."

"To mu ji."

Rabi ta tayar da ita zaune, ta sa mata filo a baya. Kafin in gama goga ƙaro labari ya zaga gida. Matata ta shigo, maƙwabta suka cika bakin ƙofa, Rabi ta ɗaga waya tana ɗauka. Da ina da hankali da na ce kowa ya fita. Amma ni mutumin dina ne, taro ba ya ba ni tsoro, daɗi ma yake mini.

Na ja kiran a hankali, ƙasa-ƙasa, yadda tsoho ya koya mini. Na ɗaga hannu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Shiru. Biyar, shida. Wata maƙwabciya ta gyara tsayuwa, wani ya yi gyaran murya, wayar Rabi na kallona. Shekara ashirin ana koya mini, ni ma ina koya wa yara, cewa in shiru ya wuce ƙirge a gaban jama'a to makaɗi ya yi kuskure, maza ya rufe. Wallahi ban yi shawara da hannuna ba. Sai kawai na ji ya sauka a kan tsirkiya, ya cike gurbin da 'yar kwalliya mai daɗi, irin wadda ake yi mini tafi a kanta.

Ina cikin yi na ɗaga ido. Bakin Inna a buɗe yake. Ta ja numfashi ta cika ƙirji, ta ɗaga hannunta mai lafiya kamar mai hango wani abu daga nesa. Ina kallo ta saki numfashin, ta rufe bakin, hannun ya koma kan cinya.

Na tsaya cak. "Inna, yi haƙuri. Bari in sake."

Na sake kiran, na jira. Na sake, na jira. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ka iya, Sa'idu," ta ce. "Amma ka shige min wuri. Bari, na gaji. Sai gobe."

Maƙwabta suka yi ta sa albarka, wai kiɗa ya yi daɗi, har wata ta ce in zo bikin ƙanwarta.

Da gobe ta yi, Inna ta kira ni da sunan ƙanenta, ta tambaye ni mene ne a cikin akwatin nan. Tun daga ranar ba ta sake rera kiɗan ba, ko a maƙoshi. Likita ya ce haka ciwon yake, yau da haske gobe babu, kada in ɗora wa kaina. Rabi ma haka take cewa. Ni dai na san an gaya mini. Mai bindigar toka ya gaya mini a gefen titi, makaho ya gaya mini a bakin ruwa, na ce to, na rubuta huɗu. Ina jin haushin Yaya Ummaru, ina jin haushin Baba da ya rufe mata baki shekara hamsin, amma ba su ne suka sauke hannu a kan tsirkiyar nan ba.

Sau ɗaya na kalli abin da Rabi ta ɗauka a waya, ban ƙara ba. Tun a bugu na uku Inna ta fara haɗa numfashi, leɓenta na rawa, tana kokawa da ɓarin bakin da ya mutu. Ni kuma idona yana kan maƙwabta. Da na ƙara mata ko bugu biyu, da na ji muryar da ake ji har ƙetare.

To kun ji Yauri. Masu cewa na yi girman kai tun da na dawo, ba na zuwa majalisa bayan la'asar, ga inda nake. Kullum nakan rufe ƙofar ɗakin Inna, daga ni sai ita, in goga ƙaron Ɗan Ango, in ja kiran sau ɗaya, in ɗaga hannu. Na daina ƙirge. Takan dube ni, wani lokaci ta dubi bango, wani lokaci barci ya ɗauke ta.

Jiya na jira har aka kira magariba.